Ɗaukaka ƙara tun ba a fara shari'a ba: yadda rigar kariya ke cinye ƙorafin jama'a a kotunan Amurka

A watan Yulin 2014 'yan sandan gundumar Coffee da ke jihar Jojiya a Amurka suka biyo wani mutum da suke nema har cikin farfajiyar gidan wata mata da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Yara shida ne a wurin, biyu daga cikinsu ko shekara uku ba su kai ba. Aka daka musu tsawa kowa ya kwanta, kowa kuwa ya kwanta. Ana cikin haka sai ga karen gidan. Ɗaya daga cikin jami'an ya harbe shi bai samu ba, kare ya ruga ya ɓuya. Da ya sake fitowa jami'in ya ƙara harbi, ya ƙara kuskurewa, harsashin ya shige bayan gwiwar ɗan matar mai shekara 10, wanda ke kwance rub-da-ciki, tsakaninsa da mai harbin bai fi kamu guda ba.

Uwar yaron, Corbitt, ta kai ƙarar jami'in, Vickers, kotun tarayya tana neman diyya, shi ya sa ake kiran shari'ar Corbitt da Vickers. Jami'in ya nemi a kori ƙarar bisa rigar kariyar da kotuna ke ba jami'an gwamnati, alƙali ya ƙi, ya ce a ci gaba. Wanda ya saba da zaman kotu zai zaci daga nan sai kiran shaidu. Ina! Jami'in ya ɗauki maganar ya haye da ita kotun ɗaukaka ƙara da ke Atlanta, kuma a Yulin 2019 alƙalai biyu cikin uku suka ce a kori ƙarar. Ba su ƙaryata matar ba. Duk abin da ta rubuta sun ɗauke shi a matsayin gaskiya, don haka ƙa'ida ta tanada a wannan mataki. Hujjarsu ita ce ba su ga wani hukunci na baya da ya fito fili ya ce wanda ya auna kare ya samu yaro ya keta haƙƙin yaron a tsarin mulki ba. A Yunin 2020 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron maganar. Shekara shida ke nan daga ranar harbin, ba a taɓa tsayar da shaida ko ɗaya a gaban kotu ba.

Kafin a gane yadda haka ke yiwuwa, sai an fara sanin su wane ne jami'an ƙaramar hukuma a can. A Najeriya ɗan sanda na tarayya ne, ko a wane ƙauye aka tura shi. A Amurka kuwa akasarin 'yan sanda ma'aikatan birni ne ko na gunduma, rundunoni ne daban-daban kusan 18,000, kowace da maigidanta. Gundumomi sun haura 3,000, kuma a mafi yawansu zaɓen shugaban 'yan sandan gunduma ake yi, wato sherif, shi ne kuma ke riƙe da gidan wakafi na yankin. Ƙara da shugabannin makarantun gwamnati, da ma'aikatan jin daɗin jama'a masu ikon raba yaro da iyayensa, da masu gabatar da ƙara na gunduma. Hukumar da talakan Amurka ke cin karo da ita a rayuwarsa ta kullum ke nan, ba ta Washington ba.

Dokar da ta ba shi damar maka su a kotun tarayya tsohuwa ce. An yi ta a 1871, zamanin Shugaba Ulysses Grant, lokacin da 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan ke kashe baƙaƙen fatar da aka 'yanta a jihohin kudu, jami'an yankin kuma ko sun kau da kai ko suna cikin masu ta'asar. Yau ana kiran ta sashe na 1983, lambar da ta samu ce a kundin dokokin tarayya, ba shekara ba. Abin da ta ce gajere ne: duk wanda ya fake da ikon hukuma ya tauye wa wani haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi, zai biya wanda ya zalunta. Dokar ta yi barcin kusan shekara 90, sai a 1961 ta farka, a shari'ar Monroe da Pape. 'Yan sandan Chicago 13 ne suka fasa gidan wani baƙar fata da asubahi ba tare da takardar izini ba, suka tsayar da shi da matarsa tsirara a falo, suka birkice ɗakuna, suka tafi da shi ofis suka riƙe shi awa 10 suna masa tambayoyi kan wani kisa, sannan suka sake shi ba tuhuma. Kotun Ƙoli ta ce yana da damar ƙara, ko da kuwa abin da suka yi ya saɓa wa dokar jiharsu ma. Daga ranar ƙofa ta buɗe, irin waɗannan ƙararraki suka koma dubbai a kowace shekara.

Tsarin kotunan tarayya hawa uku ne. A ƙasa akwai kotunan farko guda 94, inda ake sauraron shaidu, galibi tare da masu taya alƙali yanke hukunci, wato mutanen gari da ake zaɓowa su tantance abin da ya faru. A sama da su akwai kotunan ɗaukaka ƙara 13, waɗanda 11 daga cikinsu aka raba wa shiyyoyi masu lamba, alƙalai uku-uku ne ke zama kan kowace shari'a. Kotun Ƙoli tana can ƙololuwa, ita ke zaɓen abin da za ta saurara, kuma cikin dubban buƙatun da ake kai mata a shekara ba ta ɗaukar ko ɗari. Ke nan ga kusan kowa, kotun shiyya ce tashar ƙarshe.

Asalin ƙa'ida kuma ita ce ba a ɗaukaka ƙara sai an gama shari'a. Dalilin a bayyane yake. In aka bar kowa ya riƙa hayewa sama duk lokacin da alƙali ya yanke wata 'yar magana da ba ta yi masa daɗi ba, mai kuɗi zai gajiyar da marar shi tun ba a je ko'ina ba. Ko bayan an gama, alƙalan sama ba sa sake sauraron shaidu. In magana ta fassarar doka ce, suna duba ta sabuwa fil kamar ba wanda ya taɓa duba ta. In kuwa ta abin da ya faru ce, wane ya fara zare makami, wane ya yi ƙarya, hannunsu a ɗaure yake, domin gyara na 7 na tsarin mulki ya bar wannan ga masu taya alƙali. Riƙe wannan rabon aikin, don a kansa ake duk kokawar.

Abin da ya karya wannan ƙa'ida a shari'o'in jami'ai shi ne rigar kariya mai sharaɗi. Ba ta cikin dokar 1871, ko kalma ɗaya. Alƙalai ne suka ɗinka ta. Ta fara ɓullowa a 1967, a shari'ar wasu limaman coci da aka kama a tashar mota a Jackson ta jihar Mississippi saboda sun shiga ɗakin jira na farar fata tare da baƙaƙe, inda Kotun Ƙoli ta ce ɗan sandan da ya yi kamu da kyakkyawar niyya, yana zaton dokar da ya bi tana nan daram, ba za a ci shi tara ba. A 1982, a shari'ar Harlow da Fitzgerald, aka cire maganar niyya baki ɗaya. Aka ce tonon abin da ke zuciyar jami'i yana jawo dogon bincike, don haka tambaya ɗaya ta rage: shin haƙƙin da ya keta ya riga ya tabbata a sarari, har duk mai hankali zai san da shi? In bai tabbata ba, jami'in ya tsira, ko da mugun nufi ya yi abin.

Bayan shekara uku aka ɗora jifa a kai, a shari'ar Mitchell da Forsyth ta 1985. Kotu ta ce wannan riga ba daga biyan diyya kaɗai take kare mutum ba, har daga wahalar shari'ar kanta. To in haka ne, jami'in da aka hana shi rigar aka ce ya jira ƙarshen shari'a ya ɗaukaka ƙara, ihu bayan hari aka bar masa, tunda wahalar da ake gudu ya riga ya sha ta. Saboda haka yana iya hayewa sama nan take. Abin lura, Harlow hadimin Shugaba Nixon ne, Mitchell kuwa ministan shari'arsa. Da manya aka gwada rigar, amma yau ƙaramin ɗan sandan ƙauye da mai gadin wakafi su suka fi sa ta.

Ga yadda abin yake a aikace. An shigar da ƙara, jami'i ya ce a kore ta saboda kariya, alƙali ya ƙi, ya ɗaukaka. Da zarar takardar ta shiga, kotun ƙasa ta tsaya cik a kan duk abin da ya shafe shi, sai fa in alƙalin ya rubuta cewa ɗaukakar ta wasa da hankali ce, abin da ba kasafai ake yi ba. Shekara guda ko fiye ta tafi. In jami'in ya sha kaye aka dawo ƙasa, aka yi musayar takardu, aka ɗauki bayanan shaidu a rubuce, sai ya sake cewa a yanke hukunci ba tare da zaman shari'a ba, saboda kariya. In aka sake ƙi, ya sake hayewa, domin a 1996 Kotun Ƙoli ta halatta masa zuwa fiye da sau ɗaya. An ga haka a Nashville, a ƙarar wani da ake zargi da fasa gida, wanda ya ce yana zaune hannuwansa a sama aka sakar masa kare. Zuwan farko kotun shiyya ta 6 ta hana jami'in kariya, zuwa na biyu a 2018 ta ba shi. Mai ƙara kuwa ba shi da irin wannan gajeriyar hanya. In alƙali ya wanke wasu jami'an ya bar wasu, yawanci sai ya jira an gama komai kafin ya kai kukansa sama. Kwan-gaba kwan-baya ɗin nan ba kyauta ba ne: shaidu suna ƙaura, tunani yana dusashewa, lauyan mai ƙara kuma, wanda galibi ba ya karɓar ko sisi sai an ci shari'a, yana ta zuba kuɗinsa.

Kotun Ƙoli ta yi ƙoƙarin sa wa abin linzami a 1995, a shari'ar Johnson da Jones. Wani mai ciwon sukari ne ciwonsa ya tashi a titi, 'yan sanda suka ɗauka maye ne, suka kama shi, ya farfaɗo a asibiti da karyayyun haƙarƙari. Uku daga cikin jami'an da ya kai ƙara suka ce babu hujjar da ta nuna sun taɓa shi, alƙali ya ce akwai abin da ya isa a kai gaban masu taya alƙali, suka ɗaukaka. Alƙalan Kotun Ƙoli duka tara suka ce a'a. “Ba ni na yi ba” magana ce ta hujja, wurinta zauren shari'a. Wadda ake iya hayewa da ita da wuri ita ce “ko da na yi, doka ba ta fito fili ta hana ba.”

A takarda iyakar ta fita tsaf. A zahiri, lauya mai wayo ya san yadda zai sa wa maganar hujja rawanin doka, kuma a 2007 Kotun Ƙoli da kanta ta huda katangar. Shari'ar Scott da Harris ce. Wani matashi ɗan shekara 19 a Jojiya aka ga yana gudun mil 73 a awa inda aka ƙayyade 55, aka tsayar da shi ya ƙi tsayawa, aka bi shi kusan mil 10 cikin dare. Wani ɗan sandan gunduma ya doki bayan motarsa da gangan, ta wuntsila gefen hanya, matashin ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Kotun farko da kotun shiyya ta 11 duk suka ce akwai saɓanin da ya kamata masu taya alƙali su warware. Kotun Ƙoli ta kalli faifan bidiyon da kyamarar motar 'yan sanda ta ɗauka, alƙalai 8 cikin 9 suka ce bidiyon ya ƙaryata labarin matashin ƙiri-ƙiri, ba sai an tara kowa ba. Har suka ɗora faifan a shafin kotun na intanet, kowa ya gani da idonsa. Alƙali John Paul Stevens, wanda ya fi su shekaru, ya kalli faifan guda ya ga wani abu daban. A ganinsa motocin da suka kauce sun kauce ne saboda jiniya, ba don an kusa banke su ba. Daga baya wasu malaman shari'a uku suka nuna faifan ga Amurkawa kimanin 1,350. Mafi yawa sun bi bayan kotun, amma ra'ayi ya rabu sosai gwargwadon launin fata, samun kuɗi, yanki da aƙidar siyasa. A nan ni nake ganin gizo ke saƙar. Yanzu da 'yan sanda da yawa ke maƙale da kyamara a ƙirji, alƙalai uku a ɗaki mai sanyi suna iya maimaita faifai sau goma su ce sun ga gaskiya, alhali aikin gani da yanke abin da aka gani na mutanen gari ne.

Sai kuma ainihin tambayar, wato me ake nufi da haƙƙi ya tabbata a sarari. Kotun Ƙoli ta sha jan kunnen kotunan shiyya cewa kada su tsaya a dunƙule. Bai isa a ce kowa ya san an hana amfani da ƙarfi fiye da kima ba. Ana son hukuncin baya mai kama da wannan lamari sosai, har maganar ta wuce gardama. Tun 1986 kotun ta ce rigar tana rufe kowa in ban da wanda rashin iya aikinsa ya fito fili, ko wanda ya karya doka yana sane. Duba inda wannan ya kai kotun shiyya ta 9 a 2019. Wasu 'yan kasuwa biyu a Fresno ta Kalifoniya suka yi zargin cewa 'yan sandan da suka zo bincike da takardar izini sun rubuta dala 50,000 a takardar kayan da suka kwashe, alhali tsabar kuɗi da tsofaffin sulalla masu daraja da suka ɗauka sun fi haka da sama da dala 225,000. Kotun ta ce in har an yi haka, ya kamata jami'an su san sata ba kyau, amma babu hukuncin da ya bayyana musu cewa satar kayan da aka kwashe da izinin kotu ta saɓa wa gyara na 4 na tsarin mulki, wanda ya hana bincike da ƙwace ba bisa ƙa'ida ba. Aka ba su kariya. Ba a taɓa tantance ko sun ɗauka ko ba su ɗauka ba.

Mai karatu zai ce to ai daga yanzu an sani, na gaba ba zai tsira ba. Nan ne inda rijiya ta bayar guga ya hana. A 2001 Kotun Ƙoli ta wajabta wa alƙalai su fara amsa tambayar farko, an keta haƙƙi ko ba a keta ba, kafin su duba ko ya tabbata a sarari, don doka ta riƙa girma. Alƙalan ƙasa suka yi ta gunaguni cewa ana sa su yanke manyan maganganun tsarin mulki a shari'ar da ƙarshenta kora ce. A 2009, a shari'ar Pearson da Callahan, aka sakar musu mara, kowa ya fara da wadda ya ga dama. Da yawa sai suka riƙa tsallake ta farko, kamar yadda aka yi a shari'ar Fresno. Ba a ce haram ba ne yau, saboda haka gobe ma babu hukuncin da za a nuna, jibi ma haka. Alƙali Don Willett na shiyya ta 5, wanda Shugaba Trump ya naɗa, ba kuma wanda zai kira shi ɗan gaba-dai gaba-dai, ya kwatanta wannan da matakalar da ake ta hawa ana dawowa inda aka taso, ya ce caca ce da ko ta wace fuska kwabo ya faɗi gwamnati ke ci.

Adalci ne a faɗi abin da masu kare tsarin ke cewa, kuma ba shirme ba ne. Ɗan sanda yana yanke shawara cikin daƙiƙa biyu a lungu mai duhu, alƙali yana da wata shida da littattafai. In alƙalan tarayya da kansu sun kasu biyu kan ko abu ya halatta, da wane dalili za a ci ɗan sanda tara don bai hango wanda zai yi rinjaye ba? Akwai kuma ƙararrakin banza da yawa, kuma jami'in da ya san kowane kamu zai iya jawo masa shekaru a kotu yana iya naɗe hannu ranar da ake buƙatarsa. Na yarda da rabin wannan. Inda na rabu da su shi ne kan wanda ke biya. Farfesa Joanna Schwartz ta jami'ar UCLA ta bi diddigin kuɗin da aka biya masu ƙara a rundunoni da dama daga 2006 zuwa 2011, ta gano cewa abin da ya fito daga aljihun 'yan sandan da kansu bai wuce kashi 0.02 cikin ɗari ba. Birni ko gunduma ko kamfanin inshora ke biya. Aljihun da ake cewa ana karewa ba a taɓa shi tun farko. A wani binciken nata na 2017, kan ƙararraki 1,183 a kotunan farko guda biyar, ta ga cewa waɗanda aka kora saboda rigar kariya ba su kai kashi 4 cikin ɗari na waɗanda ake iya kawo ta a cikinsu ba. Wasu sun karanta wannan a matsayin shaida cewa ana zuzuta matsalar. Ni akasin haka na karanta. Rigar ba ta cika aikin da aka ɗinka ta dominsa ba, na sallamar jami'i da wuri, amma tana ƙara tsada da jan ƙafa ga kowa, kuma lauyan da ke auna ko zai karɓi ƙarar talaka yana lissafa ta tun a ofis. Ƙarar da ba a shigar ba ba ta shiga ƙididdigar kowa.

To me zai hana a bar jami'in a kama hukumar da ta ɗauke shi aiki? Ana iya yi tun 1978, lokacin da wasu ma'aikatan birnin New York da aka tilasta wa tafiya hutu ba albashi saboda juna biyu suka yi nasara a shari'ar Monell. Birni ba shi da rigar kariya, an yanke haka a 1980, kuma ba shi da damar hayewa sama tsakiyar shari'a, an yanke wannan a 1995. Sai dai an gindaya wani sharaɗin da ya fi rigar tsauri. Ba a kama birni don kawai ma'aikacinsa ya yi laifi, sai an nuna cewa manufar hukumar ce, ko al'adar da ta zauna, ko sakaci da gangan wajen horarwa, ya haifar da zaluncin.

Labarin John Thompson na New Orleans ya nuna tsayin wannan katanga, ya kuma nuna cewa ko an ci shari'a a ƙasa tsugune ba ta ƙare ba. A 1985 aka same shi da laifin yunƙurin fashi, sannan aka gurfanar da shi kan kisan kai. Bai yi magana don kare kansa ba a shari'a ta biyu, saboda in ya yi za a fito da hukuncin fashin a gaban masu taya alƙali. Aka yanke masa kisa. A 1999, saura makonni a zartar, wani mai bincike na lauyoyinsa ya tono rahoton gwajin jini da masu gabatar da ƙara suka ɓoye: jinin ɗan fashin rukunin B ne, na Thompson kuwa O. Aka soke hukuncin fashin, aka sake shari'ar kisan a 2003, aka wanke shi, bayan shekara 18 a kurkuku, 14 daga ciki yana jiran ranar mutuwa. Ba zai iya ƙarar lauyoyin gwamnatin da suka ɓoye takardar kan aikinsu na kotu ba, don su rigarsu ba ta da sharaɗi tun 1976. Sai ya kai ƙarar ofishin, bisa cewa bai horar da ma'aikatansa ba. Masu taya alƙali suka ba shi dala miliyan 14. Alƙalai uku na shiyya ta 5 suka tabbatar, cikakken zaman kotun ya rabu daidai wa daida, hukuncin ya tsaya. A Maris 2011 Kotun Ƙoli ta rushe shi da ƙuri'a 5 da 4, ta ce lamari guda bai isa ya nuna al'ada ba. Alƙaliya Ruth Bader Ginsburg ta karanta ƙin amincewarta a bainar jama'a, abin da alƙalan ke yi in abu ya ci musu rai. Thompson ya rasu a 2017.

Akwai kuma sa'ar wurin zama. Hukuncin kotun shiyya yana ɗaure shiyyarta ne kawai, don haka abin da ya tabbata a sarari a San Francisco yana iya zama bai tabbata ba a New Orleans. Shiyya ta 5, mai kula da Texas da Louisiana da Mississippi, ta yi suna wajen saurin ba da kariya, shiyya ta 9 kuma ita Kotun Ƙoli ta sha yi wa gyara saboda hanawa. Shekara da shekaru gyaran kusan gefe ɗaya yake tafiya, har Alƙaliya Sonia Sotomayor ta rubuta a 2018 cewa saƙon da ake aika wa 'yan sanda shi ne su fara harbi, tunani ya biyo baya. An ɗan samu sauyi nan da can. A 2020 kotun ta ce fursunan Texas da aka ajiye kwana shida a ɗakunan da kashi ya mamaye ba ya buƙatar nuna wani hukuncin baya, abin ya fi ƙarfin a ce ba a sani ba. A Mayun 2025 kuma, a shari'ar Barnes da Felix, alƙalan duka suka soke tsarin shiyya ta 5 na duba daƙiƙun da jami'i ya ji barazana kaɗai, suka ce a duba lamarin tun daga farkonsa. Amma rigar tana nan. Bayan kisan George Floyd, baƙar fatan da ya mutu a hannun 'yan sanda a 2020, majalisar wakilai ta amince sau biyu, a 2020 da 2021, da ƙudurin da zai cire wa 'yan sanda ita, ya maƙale a majalisar dattawa. Jihohin Colorado a 2020 da New Mexico a 2021 sai suka zagaye, suka buɗe hanyar ƙara a kotunansu bisa tsarin mulkin jiha, inda rigar ba ta aiki.

Ko wanda Kotun Ƙoli ta tsaya masa, sai ka bi sawu ka ga inda ya ƙare. Da misalin ƙarfe biyun dare, ranar 31 ga Disamban 2008, a Bellaire kusa da Houston, wani ɗan sanda ya shigar da lambar wata mota a kwamfuta ya kuskure lamba ɗaya, kwamfuta ta ce motar sata ce. Robbie Tolan, matashi baƙar fata mai fatan zama ƙwararren ɗan wasa kamar mahaifinsa, shi ya fito daga motar a ƙofar gidansu. Aka sa shi ya kwanta a baranda. Iyayensa suka fito da kayan barci suna cewa ɗansu ne, motarsu ce. Wani sajan ya iso, ya tura uwar jikin ƙofar gareji. Tolan ya ɗago yana cewa a saki mahaifiyarsa, sajan ya yi harbi uku, ɗaya ya huda huhunsa ya zauna a hanta. Shiyya ta 5 ta ba sajan kariya, ta rubuta cewa barandar ba haske sosai, uwar ta ƙi natsuwa, Tolan yana ihu yana yunƙurin shiga tsakani. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan iyalin sun musanta ta da rantsuwa, sun ce akwai fitilu, kuma bisa gwiwa ya ɗago, bai miƙe ba. A Mayun 2014 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, ta ce kotun shiyya ta auna shaidu ta zaɓi ɓangare, aikin da ba nata ba ne.

Shari'a ta koma Houston. A Satumban 2015, ana gab da fara zama, alƙaliyar kotun farko ta cire birnin daga cikin waɗanda ake ƙara. Iyalin suka karɓi sulhu a kan dala 110,000, kusan shekara bakwai bayan harbin, harsashin kuma yana nan a hantar Tolan.